Makullin Bi-Fi-An

"Duk faɗin Agege," in ji Ladan yana juya cokali a kofi, "babu injin da ya taɓa haɗa ido da ni bai sunkuyar da kai ba. Lokacin da nake Dubai, kwamfuta in ta ji takuna da kanta take kunnuwa."

A teburin Nassirou mai shayi ake wannan zance, da hantsi, a ƙofar gidan hayar da Ladan yake zaune da yayarsa Inno. Nassirou mutumin Maraɗi ne, ya ji labarin Dubai har ya haddace shi, don haka bai ɗago kai daga yankan burodi ba. Ladan ma ba don shi yake yi ba. Badiyya mai tuwo ce ta zo karɓar ruwan zafi, kuma duk ranar da Badiyya ta tsaya a wurin, Dubai takan ƙara girma.

Wanda bai san Ladan ba, ga shi: gajere ne mai tumbi, da sukudireba a aljihun gaba kamar biro, da ƙaramar rediyo rataye a wuya wadda ko masallaci sai an roƙe shi yake cire ta. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Abin da unguwa ta shaida dai fanka ce ya taɓa gyara wa liman, wadda tun daga ranar take juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗaki.

"Injiniya, wannan shuɗin abin da ke soke a rediyonka fa?" in ji Nassirou.

Ladan ya shafa abin da yatsa. Ɗan ƙarami ne, bai wuce ƙwayar dabino ba.

"Gyara ce. Shekaranjiya kamfanin su Juwairiyya suka aiko mata da sabuwar kwamfuta, ni na ɗauko kwalin daga bakin titi. Da na leƙa sai na ga sun saka gyara a ciki. Ka san ko gyaɗa ka saya ana ƙara maka. Gyara kuwa ta wanda ya yi dako ce. Har murya yake ɗauka, in na danna nan."

Bai rufe baki ba sai ga Juwairiyya, 'yar Inno, ta fito da waya a hannu, fuska kamar an aiko mata da rasuwa. Aikinta karɓar oda ne a wani kamfani mai kai naman mayankar Oko-Oba otal-otal da gidaje. Daga ɗaki take yi, kuma a watan gwaji take.

"Kawu, ka ga inda sabis ya fi ƙarfi a gidan nan? VPN ya ƙi haɗuwa a sabuwar kwamfutar. Madam, shugabarmu a ofis, ta ce in ƙarfe biyu ta yi ban shiga ba, akwai wata yarinya da ke jiran kujerar."

"Mene ne kuma wannan?" in ji Badiyya.

"Wata ɓoyayyiyar hanya ce, Anti, da kwamfutata ke bi ta shiga ta ofis. In ba ta buɗe ba, ko odar ƙashi ba na gani."

Ladan ya ajiye kofi a hankali, ya yi irin murmushin da likita ke yi wa mai mura.

"Bi-Fi-An. Ka bi hanya, ka fi kowa, an gama. Ma'anarsa ke nan. A Dubai yara nake sa wa su yi shi. Mu je."

"Kawu, bari in fara kiran Mista Gbenga, shi ne mai kula da kwamfutocin ofis."

Ta kira, ta sa a sifika. Mista Gbenga yana cikin danfo, motar haya, a Oshodi, ana jin kwandasta yana ihu a bayansa kamar za a tashi duniya.

"No wahala," in ji shi. "Na key remain. The key wey dey your old system, I don..."

Ladan ya warce wayar.

"Hello, my junior. Engineer Ladan, Dubai."

"Oga, abeg give am phone. Make she just put am for port..."

"I know, I know. Key, old system, port. Finish."

Ya katse, ya miƙa mata wayar yana kallon Badiyya ta gefen ido.

"Kin ji ko? Makulli, tsohuwar kwamfuta, fot. Abin da na faɗa ke nan tun ɗazu."

"Kawu, ba ka faɗa ba. Kuma bai gama magana ba."

"Ya gama. Mu injiniyoyi a taƙaice muke yi."

Ta sake kira, wayar Mista Gbenga a kashe. Caji ya ƙare masa a go-sulo.

Nassirou ya ɗago kai. "Mu dai a Maraɗi, abin da ake ce wa kile, wato makulli, wani ɗan abu ne da ake soka wa ordinatar a gefe."

"Wannan Faransanci ne," in ji Ladan. "Wannan kwamfutar Turanci take ji. Kai dai ka ji da madara."

Ya shige gida, Juwairiyya ta bi shi, Badiyya ma ta ajiye fulas ta biyo, don tuwo yana iya jira amma irin wannan kallo ba kullum ake samu ba.

Tsohuwar kwamfutar ta Juwairiyya ce, tun ta makaranta. Ranar da ta mutu an kai ta ofis, Mista Gbenga ya kwashe abin da zai iya kwashewa, ya ce gangar jikin kuma sai dai a yi mata addu'a. To Inno ba ta yarda da zaman banza ba, ko na mutum ko na ƙarfe. Awara take yi ta sayarwa, kuma ta daɗe tana neman abu mai faɗi da santsi da za ta danne ƙullin awara da shi ruwa ya tsane. Don haka a tsakar gida suka tarar da kwamfutar: awara a ƙasa, ita a tsakiya, dutsen niƙa a kanta, ruwa yana ɗiga ta ramukan gefe.

"Yaya, ɗaga dutsen nan. Aikin gaggawa ne."

"In ka taɓa mini awara kafin ta kama jikinta," in ji Inno daga bakin murhu, "kai zan danne da dutsen."

"Aikin 'yarki ne zai tafi."

Inno ta dubi Juwairiyya, ta ga idonta ya kawo ruwa, ta yi tsaki ta kau da kai. Ladan ya ture dutsen, ya zaro kwamfutar, awara ta saki jiki ta baje a faranti kamar wadda ta ji mugun labari.

Ya shimfiɗa tabarma, ya zaro sukudireba, ya ce bismillah da ƙarfi don Badiyya ta ji. Kusoshin da suka yarda ya kwance su, waɗanda suka ƙi ya ɓanɓare su. Ya buɗe cikin, warin waken suya ya bugi kowa. Ya ciro wani koren abu mai kama da taswirar gari, ya ajiye. Ya ciro 'yar fanka, ya hura ta, ya ce wannan ma gyara ce, ya sa a aljihu. Ya kifa gangar jikin ya girgiza. Kyankyaso guda ya faɗo, ya dubi jama'a, ya kama gabansa.

"To ina makullin?" in ji Badiyya.

"Ya narke. Ruwan awara yana cin ƙarfe. Laifin Yaya ne."

"Ni?" in ji Inno. "Shekara nawa nake zuba shi a kwano bai ci kwanon ba?"

"Kwano daban, makullin Bature daban."

Juwairiyya ta ɗauko sabuwar kwamfutar ta zauna a bakin baranda tana ta dannawa. Duk dannawa sai wata 'yar da'ira ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan jan rubutu ya fito. Ladan ya zagayo ta bayanta, ya karkata kai, yana duba gefen kwamfutar. Can sai ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi. Ku zo ku ga ilimi."

A gefen kwamfutar, can ƙurya, akwai wani ɗan rami siriri, kusa da shi an zana hoton kwaɗo.

"Ga ƙofar nan. Ga kwaɗo sun zana don marasa karatu. Makulli kawai take jira."

"Kawu, wannan na ɗaure ta da sarƙa ne a ofis, don kada a sace."

"Wa ya gaya miki?"

"Na gani."

"Gani daban, sani daban. Tunda na asali ya narke, sai a gwada wani. Ai ko ƙofar shago in makulli ya ɓata, na maƙwabta ake bi."

Ya tsaya tsakiyar gida ya yi shela cewa duk mai makulli ya kawo. Gidan haya ne mai ɗakuna fuska da fuska, kuma mutanen ciki sun riga sun fito kallo. Kafin ka ce kwabo an tara masa tsibi a faifai: na ɗaki, na akwati, na banɗaki, na mitar wuta, har da na wata tsohuwa Bayarabiya da ta ce ita ma ba ta san na mene ne ba, tun na mijinta ne. Juwairiyya ta rungume kwamfutar.

"Kawu, ta kamfani ce."

"Ba zan ji mata ciwo ba. Sallama kawai zan yi."

Na ɗaki ya yi kauri. Na akwati ya shiga ya yi lilo. Na tsohuwa ya shiga rabi, Ladan ya ce wannan ya so ya yi, sai dai da Yarbanci aka yanka shi. Ana cikin haka sai ga Murtala mai keke-napep ya shigo shan ruwa, ya bar fasinja a waje, makulli yana kaɗawa a yatsa.

"Murtala, kawo wannan."

"Oga Ladan, ina da fasinja. Kasuwar Mile 12 za mu, da buhunan attaruhu."

"Minti ɗaya. Na inji sai na inji."

Ya karɓa, ya saita, ya tura. Ya ƙi. Ya ɗora masa dunduniyar hannu ya danna da duk tumbinsa. Aka ji wani ɗan ƙas.

"Ya shiga," in ji Ladan.

"To murɗa," in ji Badiyya.

Ya murɗa dama, shiru. Ya murɗa hagu, shiru. Ya ja, kwamfutar ta biyo shi, Juwairiyya ta biyo kwamfutar.

"Oga Ladan, makullina."

"Yana aiki a ciki. Kada ka dame shi."

"Attaruhu fa ba ya jiran rana."

"To ka tura keken mana. Ƙafa uku gare shi, ba zai faɗi ba."

Murtala ya zauna a kan bokiti ya dafe kai. Daga waje fasinja ya fara danna hon da kansa. Juwairiyya ta dubi agogon waya, an riga an kira azahar a masallacin layi. Ta sake gwada Mista Gbenga, har yanzu a kashe.

Shi kuwa Ladan gumi ya fara tsatso masa, amma bakinsa bai ji komai ba.

"Na gane inda matsalar take. Makulli ya shiga, saura fot. Yaron nan ya ce a sa a fot. Fot kuwa a Legas guda nawa ne? Apapa."

"Kawu, fot ɗin kwamfuta..."

"Juwairiyya, ina da shekara nawa a garin nan? Duk kwamfutar da ta shigo ƙasar nan ta tashar jiragen ruwa ta Apapa ta shigo. Dole su ne za su buɗe mata hanya daga can."

Ya zaro wayarsa ya kira Mato, wani ɗan garinsu yaron babbar mota, wanda ya kwana biyu a layin shiga tashar jiragen ruwa. Ya sa a sifika don jama'a su shaida.

"Mato, kana fot?"

"Ina bakin fot dai, Yaya Ladan. Tun Talata muke wuri ɗaya. Har na fara gane kajin unguwar."

"Je ka gaya wa mai gadin ƙofa ya buɗe Bi-Fi-An."

"Ya buɗe me?"

"Bi-Fi-An. Ka ce Injiniya Ladan ne ya ce."

Aka ji takun Mato, aka ji ya yi magana da wani, aka ji wata murya mai kauri ta amsa, sannan aka ji gudu.

"Yaya Ladan," in ji Mato yana haki, "soja ne. Ya ce in sake faɗa. Ban sake ba."

"To ya buɗe?"

"Bel ɗin wandonsa ya buɗe."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Tsohuwar nan da ba ta jin Hausa sosai ta nemi a fassara mata, aka fassara, ta yi tata daga baya ita kaɗai. Nassirou ma ya bar teburinsa ya leƙo da butar shayi a hannu.

Ladan ya katse waya ya gyara tsayuwa.

"An samu ci gaba. Yanzu sun san da maganar. Abin da ya rage shi ne mu kai ta da kanmu. Murtala, tayar da keke."

"Da wane makullin?"

Ladan ya dubi makullin da ke lilo a jikin kwamfuta, ya dubi Murtala, ya sosa ƙeya.

Wayar Juwairiyya ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne, Madam ce. Juwairiyya ta goge ido da bakin mayafi ta ɗauka. Ga Madam da tabarau a kan hanci, ga Mista Gbenga a bayanta, ya iso ofis ke nan, riga duk ta jiƙe.

Madam ta ce saura 'yan mintoci, kuma otal uku suna jiran a tabbatar musu da nama. Mista Gbenga ya leƙo ya tambaya ko ta sa makullin. Juwairiyya ta juya wayar ta nuna masa gefen kwamfutar. Mista Gbenga ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wetin be that?"

"Na keke key, sir."

Mista Gbenga ya dafe kai kamar mutumin da ke tuna iyayensa. Sannan ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma, Juwairiyya tana juya wa Inno da Hausa: makullin ba ƙarfe ba ne, rubutu ne. Tun ranar da aka kai tsohuwar kwamfutar ya kwafe shi, ya zuba a wani ɗan filas na adana bayanai, ya saka a cikin kwalin sabuwar. Soka shi kawai za a yi a ramin gefe, shi ne fot.

"Babu komai a kwalin, sir. Na zazzage shi."

"E dey there. Small one. Blue."

"Shuɗi," in ji Juwairiyya. "Ɗan ƙarami."

Nassirou ne ya fara juyawa. Sai Badiyya. Sai Murtala ya ɗago kai daga kan bokiti. Ɗaya bayan ɗaya idanun gidan suka taru a ƙirjin Ladan, inda rediyo take kwance a kan tumbi, da ɗan shuɗin abu soke a gefenta.

Ladan ya ɗora hannu a kai.

"Wannan gyara ce."

"Kawu."

"Shuɗi ai da yawa a duniya."

"Ladan," in ji Inno, ta taso da muciya a hannu, "ciro shi."

"Yaya, akwai muhimman takardun aiki a ciki. Bari in shiga ɗaki in..."

Murtala ya riƙe igiyar rediyon ta baya, Juwairiyya ta kai hannu ta gaba, Ladan ya damƙe rediyon da hannu biyu. Garin damƙa babban yatsansa ya sauka a kan maɓalli. Rediyon kuwa, kamar kullum, a ƙure take.

Muryar Ladan ta cika gidan, da amon banɗaki a bayanta.

"Gwaji, gwaji. Badiyya, barka da hantsi. A'a, da nauyi. Badiyya, lokacin da nake Dubai... To. Ladan, ka riƙe: Dubai za ka ce. Kada ka kuskura ka ce gadi ka yi a shagon Dubai Fashion na Ikeja. In ta tambayi jirgi, ka ce fari ne. In aka kawo kwamfuta, ka ce I know, I know, ka nemi hanyar fita. Gwaji. Badiyya, my dear, I am engineer..."

Aka ji ƙarar buta, aka ji wani yana buga ƙofa yana cewa a yi sauri, sannan Juwairiyya ta fizge filas ɗin, murya ta ɗauke.

Ba wanda ya yi dariya nan take. Sai da Madam, daga cikin waya, ta tambaya wane ne wannan, Mista Gbenga ya ce, "Na my senior, ma." A nan gidan ya fashe. Murtala ya zube a ƙasa. Badiyya ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

Juwairiyya ba ta saurari kowa ba. Ta soka filas a ramin gefe, Mista Gbenga yana gaya mata inda za ta danna. 'Yar da'irar ta juya sau ɗaya, ta tsaya, ta zama kore. Odoji suka fara zubowa. Madam ta dubi agogo, ta ce to, ta ci sa'a, amma gobe a kawo kwamfutar ofis a cire mata wannan abin da ke lilo.

"Gobe?" in ji Murtala daga ƙasa.

Ladan ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya.

"Kun gani ko? Tun safe na ce makullin yana kusa. Da ban adana shi ba, da yanzu..."

"Injiniya," in ji Badiyya, tana share hawaye, "jirgin fari ne?"

Ladan ya rungume rediyonsa. Ya juya zai sulale ta ƙofa, ya tarar fasinjan Murtala ya tare ta da buhun attaruhu a ka, yana tambayar wane ne Ladan. Ya juyo, ya tarar da Inno. Ta riga ta sake ƙulle awararta, ta ɗora faranti a kai, ta ajiye a tsakiyar gida.

"Ka farke mini abin dannewa," in ji ta. "Zauna."

"Yaya, a gaban mutane?"

"Kai ka tara su. Zauna, kada ka motsa sai ta tsane."

Ladan ya zauna a kan faranti, rediyo a cinya, ruwan awara yana bin ƙasan wandonsa. Nassirou ya matso da buta ya tsiyaya masa shayi a kofi.

"Na Dubai ne," in ji shi. "Ta Ikeja."

Inno ta taɓa ƙullin da yatsa, ta gyaɗa kai, ta ce wa Badiyya tunda take sana'ar nan ba ta taɓa samun dutsen da ya kai wannan ba.